In'inar Hedimasta

Ranar Sallah da azahar, gidan Mokhles Uddin, tsohon hedimasta a unguwar Mirpur ta birnin Dhaka, ya cika da 'ya'ya da jikoki. Ana gama cin shinkafa da kifi autarsa Shiuli ta kunna talabijin cike da ɗoki, don yau ake fara sabon shirin mijinta Tuhin. Shi ne daraktan, shi ne kuma ɗan wasan.

Sai ga Tuhin a allo da gemun auduga, yana kaɗa lema: "Ku-ku-ku yi min shiru!"

Babu wanda bai gane in'inar mai gidan ba. Tsohon ya miƙe ya shige ɗaki.

"Tuhin! Abbana ka mai da abin dariya?" in ji Shiuli.

"Haba Shiuli, wasa ne fa! Ai ban kama suna ba."

"Sai ka kama suna? Har lemarsa ka ɗauka!"

Ranar Tuhin shi kaɗai ya koma gida.

Abin haushi, shirin ya karɓu a duk faɗin Dhaka. Masu keken haya da masu shayi suka riƙa yi wa tsohon "ku-ku-ku" in ya fito, har ya daina zuwa masallacin unguwa. Mizan, yayan Shiuli, ya tasa ta gaba.

"Ki nemi takardarki! Me za ki yi da wawan talabijin?"

"Yaya, ba zan koma ba sai Abba ya yafe. Amma ba zan kashe aurena ba."

Ta shiga ɗaki ta sha kukanta. Uba ba ya kallonta, miji kuma kullum sai saƙon "sori" a waya.

Da Tuhin ya ji tsohon ya daina fita, ya tafi wurin manajan tashar ya ce shi kam ya ajiye shirin, ba zai ƙara yi ba.

"Ka haukace? Yanzu da kasuwa ta buɗe? In ka fita ƙofar nan, kada ka dawo!"

Ya fita. Ya koma ɗaukar tallan sabulu da bidiyon biki. Duk Juma'a yakan zo ƙofar surukinsa ya yi sallama, Mizan ya rufe ƙofa a fuskarsa. Wata takwas ana haka, Shiuli na leƙensa ta taga, ta rame kamar mai jinya.

Wata Juma'a tsohon da kansa ya buɗe, riƙe da tsofaffin littattafai guda uku. Ya yi magana a hankali, kalma bayan kalma.

"Shekara talatin da biyar ina koyarwa da wannan harshen. Bakina kawai ka gani. Ga abin da na rubuta na rayuwata, karanta ka san wanda ka yi wa dariya." Ya juya. "Shiuli, ɗauko jakarki ki bi mijinki."

Tuhin ya durƙusa ya kama ƙafarsa yana hawaye.

Daga littattafan nan ya shirya labarin wani malamin ƙauye, wata ƙaramar tasha ta saya. Mutane suka yi dariya, suka yi kuka, sunansa ya dawo a matsayin darakta fiye da da.

Haƙurin Shiuli ya riƙe mata uba da miji gaba ɗaya. Shi kuwa Tuhin ya gane duk dariyar da za ta sa wani ya ɓuya a ɗaki, cuta ce, ba sana'a ba.