Bangon Falon Amarya

Ƙafafunsa Radiyya ta fara gani, domin sauran jikinsa yana ƙarƙashin tebur. Ta zo wani shagon intanet kusa da kasuwar Azare duba sakamakon jarrabawarta, ta tarar layi ya ɗauke, Gali mai kula da kwamfutocin yana ƙasa yana fama da wata shuɗiyar waya.

"Malam, yau za a gama ko in dawo baɗi?"

Ya ɗago a gigice, tebur ya gaisa da ƙeyarsa. Ta yi dariya, shi kuwa bawan Allah tun daga ranar bai ƙara mallakar zuciyarsa ba.

Mahaifinta Alhaji Zarami, Babarbare ɗan kasuwar wake, ya riga ya yi mata sha'awar Sherif, ɗan ƙaninsa mai shagon atamfa. Da Gali ya durƙusa gabansa neman auren Radiyya, Alhaji bai ja zance ba.

"Na ba ka zuwa kafin azumi. Gida gamamme, da sana'a taka ta kanka, ba gadin shagon wani ba. In ba haka ba, Sherif na nan."

Gali yana da ginin da ya daɗe yana lallaɓawa a hanyar Jama'are. Shagon intanet ɗinsa zai kasance a gaba, babbar na'ura a ɗakin ciki saboda ɓarayi, wayoyin su ratsa bangon falo a cikin bututu. Sai dai bututun nan kafin filasta ake binne shi.

Ya tafi Kano sayo waya. Babayo magini ya ga hadari na haɗuwa, ya ji tsoron siminti ya daskare, sai ya shafe bangon tas, ba a binne bututun ba.

"Na ce ka dawo ka tarar da abin farin ciki," in ji Babayo, yana washe baki.

Garin neman gira an rasa ido. Mai saka waya ya zo ya ƙwanƙwasa bango, ya ce da fasawa, da sake filasta, da fenti, kuɗin aikin ya ninka. Abin da ya rage wa Gali ɗaya zai yi: ko gida ya yi kyau ba sana'a, ko sana'a ta tashi a kango. Ya je wurin kawunsa neman rance, kawun ya ce sayen taki ya cinye komai. Ya ɗauki guduma da kansa, ya tsaga rami guda mai muni a falon, filasta ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa, ya zauna a ƙasa ya rasa abin yi.

Sherif bai yi ƙasa a gwiwa ba wajen kai labari. Da la'asar saƙon Radiyya ya shigo:

"Wai da gaske kana rushe falona saboda kwamfuta? In ita ka fi so, ka aure ta."

Ya rubuta mata:

"Hasken idona, saboda ke nake fasawa, saboda ke kuma na kasa ci gaba. Wallahi dabara ta ƙare mini."

Amsarta ta zo:

"Ka yafe mini, Nawan. Ni ma kuka nake. Gobe Ya Gana za ta zo ganin ɗaki."

Ya Gana, gwaggon Radiyya, ita ce mai auna ɗaki kafin a sayi kayan jere, kuma abin da ta faɗa shi Alhaji ke ji. Gali ya kwana da sanin cewa tasa ta ƙare.

Washegari Ya Gana ta shigo da ƙamshin turaren wuta, ta dubi ramin, ta dubi ƙullin wayoyi, ta dube shi. Ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya.

"Yanzu dole sai ta cikin bango wannan igiyar za ta bi?" ta tambaya.

"A'a, Hajiya. Ta sama ma za ta yi aiki. Muninta ne a falon amarya."

Ta tafa hannu tana salati.

"Kai ɗan nan, ka taɓa shiga ɗakin amaryar da muka yi wa jere ka ga bango? Labule muke jawa daga kusurwa zuwa kusurwa, kabad ta tare sauran. Buga igiyarka da ƙusa, ka toshe wannan ramin. Yaron da ya zauna yana hawaye kan falon 'yarmu, ai ba za mu bar shi ba."

Gali ya durƙusa yana zuba mata godiya.

A watan Sha'aban aka ɗaura aure, shago ya buɗe a makon. Alhaji Zarami ya zo da kansa, ya zaga gidan, ya tsaya a falo yana duban labule ruwan zuma har ƙasa.

"Gida ya gamu," ya ce. "Allah ya yi muku albarka, ya ba da zuri'a ɗayyiba."

Gali ya ce amin da ƙarfi. Radiyya, a cikin mayafi, a hankali ta sa ƙafa ta gyara gefen labulen da iska ta ɗaga.