Tafintar Abba

"Yau Laraba, jibi za a rufe karɓar fom. Kin aika ko ba ki aika ba?"

Auta ta ƙura wa littafin tambayoyin jarrabawa ido kamar ba da ita ake ba. Farfesa, wani ma'aikacin laburare da ta laƙaba wa wannan suna saboda son gyara wa mutane magana, ya ja kujera ya zauna a gabanta. Wata takwas ke nan suna bitar jarrabawar shiga digiri na biyu a teburin nan na bakin taga, a nan kuma soyayya ta yi musu shigar sauri. Sun gama shirya komai: a ɗaura aure, su tafi jami'ar tare, tafiyar yini guda daga gida. Shi tuni ya aika nasa.

"Na cike komai... saura in danna."

"Tun makon jiya saura ki danna!"

"Rage murya mana, kai da ke hana mutane surutu."

"Haba abar ƙaunata, me na yi miki? Ko ni ne ba kya son tafiya da shi?"

Nan take idonta ya kawo ruwa. "Wallahi ina so. Amma idan na tafi, wa zai ji maganar Abba?"

Ai kuwa nan gizo ke saƙar. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Abba ya shanye, harshensa ya yi nauyi, magana ta koma gurnani. Duk gidan ita kaɗai ke tsinto kalmomin. Ko likita ne ya zo sai an kira ta, har yayyenta suka koma ce mata Tafinta. Ko kanti ta je, hankalinta na gida. Tana son Abbanta kamar ranta, amma wani lokacin ɗakin nan nasa mai warin man zafi yakan yi mata ƙunci har numfashinta ya riƙa sarƙewa, sai kuma ta ji kunyar kanta.

Washegari da la'asar sai ga Farfesa a gidan, wai ya zo gaida Abba. Ya durƙusa gefen gado, Umma na zaune tana ninke kayan wanki. Auta ta yi ta harararsa, amma bawan Allahn nan ya kau da kai ya zayyane komai: jarrabawar, fom ɗin, da ranar rufewa.

Abba ya juyo da ƙyar ya dube ta. Leɓensa ya yi rawa, sautin ya fito a karkace.

Ta ji shi sarai. "Ki tafi," ya ce.

Duk ido ya dawo kanta, ana jiran fassara kamar kullum.

"Ya ce... ya ce a ba shi ruwa."

Ta ɗauko kofi, ta kai bakinsa. Abba ya sa hannunsa mai lafiya ya ture, ruwan ya zube a zanin gado. Ya sake maimaitawa da ƙarfi, har jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ba ruwa ya ce ba, Auta."

Umma ce, ko ɗagowa ba ta yi daga rigar da take ninkewa ba.

"Umma...?"

"Shekara talatin da huɗu ina zaune da mutumin nan. Ko tari ya yi na san abin da yake nufi. Watannin farko ne kawai ya shige mini duhu."

"To me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

Umma ta ajiye rigar, muryarta ta karye. "Na ga yadda fuskarsa ke washewa idan kin shigo. Kuma ni ma tsoron zama ni kaɗai nake ji. Na bar ki kina fassara, ashe ɗaure ki na yi, 'yar nan. Ki yafe mini."

Auta ta fashe da kuka, ta kifa kai a ƙirjin Abba. "Ni fa ba na son barinka, Abbana! Wallahi ba na so!"

Ya dafa kanta, ya daɗe bai ɗauke hannun ba. Sannan ya nuna wayarta da ke kan tebur. Farfesa ya miƙo mata, shi ma idonsa ya yi ja. Ta buɗe shafin fom ɗin, ga maɓallin nan da ta yi kwana tara tana kallo. Ta kasa. Sai Abba ya kama yatsanta da nasa, suka danna tare.

Ya sake yin magana. Auta ta buɗe baki za ta fassara, sai ta fasa, ta juya ta dubi Umma.

Umma ta share hawaye da gefen mayafi, dariya na neman ƙwace mata.

"Cewa ya yi, yanzu kam a ba shi ruwan."