Faifan Kawu da Manhaja Mai Kwalliya

Ranar Litinin Auta ta dawo daga makaranta da gudu, ko jaka ba ta tsaya ajiyewa ba.

"Kawu! Kawu! Ni aka zaɓa!"

Kawu ƙanen mahaifiyarta ne. Sana'arsa saka kiɗa a wuraren taro. Yana zaune a ɗakinsa yana goge faifai da ƙyalle mai laushi.

"Zaɓen me kuma, Auta? Sarauniyar surutu?"

"Kai Kawu! Ranar Alhamis za a yi hutu, ajinmu zai yi rawa. Malama ta ce ni zan saka kiɗan. Na ce mata da faifai zan yi, da hannuna!"

Rawar kuwa ba ta wasa ba ce. Mako uku ajin yana koyonta. A tsakiyarta akwai wurin da mai kiɗa zai riƙe faifai, waƙa ta tsaya, kowa ya daskare. In ya ja faifan baya, 'yan rawa su ja da baya. In hannun Auta ya kuskure, rawar yara talatin ta lalace.

Faifan Kawu na daban ne. Babu waƙa a cikinsa ko ɗaya, sai wani siririn sauti kamar kukan sauro. Waƙoƙin suna cikin kwamfuta. Allurar na'urar faifai tana karanta sautin, wata manhaja a kwamfutar tana bin sa. In ka juya faifan gaba, waƙa ta yi gaba. In ka riƙe shi, ta tsaya cik.

Kawu ya buɗe kwamfutar. "Manhaja biyu gare ni. Ga tsohuwar da kika koya da ita, ga sabuwar da na sauko da ita jiya. Zaɓi ɗaya."

Tsohuwar toka-toka ce, ba ta da wani ado. Sabuwar fa? Ja, kore, shuɗi, ga fitilu suna tsalle suna bin kiɗa. Idon Auta ya kafe a kanta.

"Amma ki gwada da faifan kafin ranar," in ji Kawu. "Kowace manhaja faifanta ta sani."

"To, Kawu."

Bakinta ne kawai ya ce to. Hankalinta ya riga ya tafi kallon fitilu.

Ranar Laraba da yamma ta zuba waƙar ajinsu a sabuwar manhaja. Ta danna maɓalli, waƙa ta tashi raɗau. Ta dubi na'urar faifai tana rufe a cikin akwatinta. Fito da ita aiki ne, ga wayoyi, ga jone-jone.

"Ai ga shi tana yi," ta ce wa kanta. Ta rufe kwamfutar ta fita wasa.

Ranar Alhamis da safe Kawu ya kai kayan makaranta. Ya jona komai, ya wuce wurin aikinsa a gurguje. Ɗakin taro ya cika maƙil da iyaye da ɗalibai. 'Yan ajin suka jeru. Malama ta ɗaga wa Auta hannu.

Zuciyar Auta tana bugawa don murna. Ta ɗora allura a kan faifai.

Waƙa ta zabura da gudu, ta tsaya, ta yi gurnani kamar tsohuwar mota. Auta ta riƙe faifan, waƙar ta ƙi jin magana. Wasu 'yan rawa suka daskare, wasu suka ja da baya, biyu suka yi karo suka zube. Ɗaki ya ɗauki dariya.

Kunya ta rufe Auta. Ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Malama ta matso kusa da ita. "Me ya faru?"

"Ban sani ba, Malama."

"Zan sa wani aji su fara. Ga wayata, kira kawunki."

Ta kira shi. "Kawu, waƙar ta haukace!"

"Wace manhaja kika buɗe?"

"Sabuwar."

"Kin gwada ta da faifan?"

Da Auta ta so, da ta ce na'urar ce ta lalace.

"A'a, Kawu. Maɓalli kawai na danna. Ƙiwa ce ta hana ni."

"Madalla da kika faɗi gaskiya. Dubi tsakiyar faifan. Wane tambari kika gani?"

Ta duba. "Irin na tsohuwar manhaja ne!"

"To kin gani. Sabuwar ba ta da laifi, nata faifan ne bai iso ba tukuna. Kin san abin yi?"

"Na sani!"

Ta rufe mai kwalliya, ta buɗe mai ruwan toka, ta zuba waƙar. Ta sa abin sauraro a kunne don kada kowa ya ji. Ta riƙe faifai, waƙa ta tsaya. Ta ja baya, waƙa ta bi ta. Sau uku tana gwadawa kafin ta ɗago kai.

"Malama, na shirya."

Kafin a fara, ta juya wurin 'yan ajinsu. "Ku yafe mini. Laifina ne."

Ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi ta shafa goshinta. "Mun yafe. Amma in na sake yin karo, ke za ki goya ni zuwa gida!"

Kiɗa ya tashi. Ƙafafu sittin suna sauka tare. Da aka zo tsakiya, Auta ta ɗora yatsu uku a kan faifai. Tsit! Yara talatin suka daskare, ko ƙifta ido babu mai yi. Ta ja faifan baya, suka ja da baya tare. Ta saki, suka ɓarke da rawa. Iyaye suka miƙe tsaye suna tafi, wasu har da ihu.

Malama ta dafa kafaɗarta tana murmushi. "To, mai kiɗa, me kika koya yau?"

Auta ta ɗauke allurar a hankali, tana haki don daɗi.

"Kada in zaɓi abu don kyansa kawai, Malama. In duba ko ya dace da kayan aikina. Kuma in gwada shi tun a gida, kafin mutane su dogara da ni."