Mai Ɗakin Ƙasa

"To in kun kwashe takardun nan kaf kun kai sama, shi mai ɗakin ina zai koma?"

Tana tsaye a bakin ƙofa da kular abinci ta ji tsohon da ke kula da ɗakin ajiya yana yi wa mijinta wannan tambaya. Mijin ya yi dariya.

"Baba, ai kai ne mai ɗakin. An ce bene za a mai da kai, har da kujera mai juyi."

"Ba ni nake nufi ba," in ji tsohon. Ya ɗauki butarsa ya wuce.

Ba ta sa baki ba. Dama ita ba mai sa baki ba ce. Ko shekara ba su yi da aure ba, kuma har yanzu in ya kalle ta da yawa sai ta sunkuyar da kai, shi ya sa yake ce mata Shiru-shiru. Ita kuma Injiniya take ce masa, kamar kowa.

Wani kamfanin inshora ne ya ɗauke shi ya kwashe tsofaffin takardunsu da ke jibge a ɗakin ƙasa. Na gobara, na hatsarin mota, na waɗanda suka rasu aka biya magada. Sai ya sa takarda a na'ura, haske ya bi ta kanta, hotonta ya tafi wani wurin ajiya da yake ce wa gajimare. Ya sha yi mata bayani. Abin da ta riƙe shi ne, in ya gama ɗaukar hoton kwali guda, sai ya zuba takardun a injin da ke yayyaga su zare-zare. Dokar kamfani ce, ba a barin ko ɗaya.

Takardun kan kantoci na raguwa, Injiniya na canjawa. Ya fara dawowa da warin tsohuwar takarda, warin da sabulu ba ya fitarwa. Ya daina tsokanarta. In ta kunna fitila sai ya kashe, ya koma lungun bayan durowa ya zauna. Rannan ta kwantar da kai a ƙirjinsa, ta ji wani abu na motsi a ciki, kwas-kwas, kamar ana jera fayil.

Ranar da ya ce saura kwali ɗaya, ta kai masa abinci dab da magariba. Ma'aikata sun tashi. Tsohon ya tafi salla, ya bar takalmin aikinsa a gindin kujera.

Ta bi matakala ta sauka. Ƙwan fitilar na ta ƙyafta ido. Iskar wurin sanyi gare ta, ga warin ƙura da laima, da wani ƙauri kamar na gashin da ya taɓa wuta. Daga ciki injin yayyaga na ta gurnani.

Ta sha ganin tsohon yana sallama a ƙofar nan ko da ba kowa a ciki. Mijinta bai taɓa yi ba. Ta yi, a hankali.

Aka amsa. Daga bakin mijinta amsar ta fito, amma muryar ba tasa ba ce. Busasshiya ce, kamar ana murza takarda.

Yana zaune a gaban injin, idonsa a buɗe ba ya ƙyaftawa. Hannunsa na zaro takarda daga kwalin ƙarshe yana turawa. Duk wadda injin ya cinye, sai wata baƙar ƙura ta taso daga kantocin da ba komai a kansu, ta miƙe kamar zare, ta shige hancinsa.

"Injiniya?"

"Ya rushe mini gida," in ji muryar. "Na sami wani. Saura kaɗan in gama kwashe kayana."

 Kular ta suɓuce mata ta faɗi, murfin ya gangara ƙarƙashin tebur yana ƙara.

Ta leƙa kwalin. Saura kamar rabi.

Ta sunkuya ta fizge wayar injin daga bango. Injin ya yi tari ya mutu. Fitilar ma ta mutu. Hasken kwamfuta kaɗai ya rage, shuɗi, a kan fuskarsa.

Kan ya juyo gare ta. Kafaɗun ba su motsa ba.

"Mai da wayar."

"Ba zan mai da ba."

Ita kanta ta yi mamakin muryarta. Ta rungumo kwalin ta ja shi jikinta.

"Wannan gidan da mutum a ciki," ta ce, tana nuna ƙirjin mijinta da haɓa. "Na riga ka shiga. Ga naka nan, koma."

"Ya yi mini kaɗan."

"Mu ma ɗaki ɗaya gare mu, kuma muna zaune."

Kantocin ƙarfe suka fara rawa. Wani sanyi ya taso daga ƙasa ya naɗe ƙafarta, ya hau har ƙugu.

"Ke 'yar mitsitsiya," in ji muryar, can ƙasa-ƙasa. "Na ji yadda yake kiran ki. Ko uwarsa ba ki iya kallo."

"Ka ji daidai. Amma na lura da kai, duhu kake so da shiru. To ka zauna a cikinsa ka gani. Taga a buɗe, fitila a kunne, karatu safe da yamma. Ƙannensa duka zan kwaso su kwana a ɗakin da surutunsu. Wallahi tunda aka halicce ka ba ka taɓa jin baki irin nawa ba."





Sai Injiniya ya wage baki. Ƙurar ta fito, da yawa, ba ta ƙarewa. Ta wuce ta gefen kuncinta, da ɗumi kamar numfashi.

Kwalin ya yi nauyi. Ya yi zafi.

Ta ja shi a ƙasa har ƙarƙashin matakala, inda akwai wani rami bayan bututun ruwa. Ta tura shi ciki, ta jingina wata karyayyar ƙofa a kai.

Wani abu ya riƙe bakin mayafinta daga cikin ramin.

Ta ja. Bai saki ba.

Ta zare kanta ta bar masa. Ta cafko hannun mijinta, ta ja shi suna tuntuɓe, ba ta waiga ba sai da suka ga fitilun titi.

A bakin ƙofar waje ya yi atishawa mai ƙarfi, ya dube ta sama da ƙasa.

"Shiru-shiru, ina mayafinki? Kuma ina abincina?"

Bai tuna komai ba. Washegari ya ga kantoci fayau, ya ɗauka ya gama. Hotunan duka suna can a gajimarensa, kamfani ya yaba masa, warin ya bar jikinsa. Ya koma tsokanarta, ya koma barin fitila a kunne har ta yi masa ƙorafi.

Ita ce dai tafin hannunta na dama bai daina warin tsohuwar takarda ba, ko da me ta wanke shi.

Ranar da ta raka shi kwaso na'urorinsa, ta ga tsohon ya tsaya a gindin matakala ya yi sallama a hankali, fuskarsa na kallon karyayyar ƙofar. Ya ɗago ya dube ta. Ta sunkuyar da kai kamar kullum.

A hanya Injiniya yana ta alfahari cewa ko ƙyallen takarda bai bari ba. Ta san halinsa sarai. Mutum ne mai bin doka, in ya ji akwai rabin kwali a ƙarƙashin matakala, gobe da safe zai sauka ya jona injin.

"Me kike tunani ne?" ya ce.

"Ba komai."

Ta dunƙule hannun a cikin sabon mayafinta. Ba mai jin wannan daga bakinta: ba shi ba, ba uwarta ba, ba kowa ba.