Farar Kaza Mai Tukku

A wani gari, can zamanin da, an yi wata yarinya da kakarta ta ba ta kyautar farar kaza mai tukku. Tukkun nan ya cika kanta kamar curin auduga.

Kakar ta ce, "Jikalle, wannan ba irin kajinmu ba ce. Ki riƙa rage mata gashin da yake sauko mata a ido."

Yarinya ta ɗauko almakashi, ta dubi tukku, ta ce, "Wannan kyan zan yanke? Sai gobe." Ƙawayenta suka yi ta zuwa kallo suna yabawa. Gashi ya ƙara tsawo, har kaza tana tuntuɓe da kaskon ruwa. Yarinya ta ce, "Sai gobe."

Ran nan da hantsi zakara ya ƙwala ƙara. Kaji duka suka ruga ƙarƙashin rumbu. Farar kaza kuwa ta tsaya tsakar gida tana juya kai. Sai ga shaho ya faɗo, ya sure ta, ya yi sama.

Yarinya ta juya wajen kakarta. Ta ce, "Wayyo Kaka, ko gudu ba ta yi ba!"

Kaka ta ce, "Da wane idon za ta gan shi?"