Talatin da Huɗu a Bakin Get

"Talatin da huɗu? Malama, ke mutum ce ko kifi?"

Da Hausa ya faɗa, Hausa tsantsa, a bakin get ɗin makarantarmu a Doha. Na tsaya cak. Wata biyu ke nan da na dawo da karatuna na share fagen likitanci daga Zariya, kuma in ban da gidan Yaya Haliru a unguwar Al-Sadd, ban taɓa jin an yi min Hausa a garin nan ba.

Maigadi ne, dogo, takunkumi ya cinye rabin fuskarsa, yana riƙe da na'urar auna zafi.

Na ɗaga masa wayata, na nuna masa manhajar korona ta ƙasar. "Ga Ehteraz ɗina nan, kore ne shar! Jarrabawa gare ni ƙarfe tara!"

"Na gani. Zauna a inuwar can minti goma, mu sake aunawa."

"Wallahi ba ka isa ba!"

"Ban isa ba kam. Amma zauna."

Gaskiyar magana, da zazzaɓi na tashi ranar. Sai na shiga tasi na manna gorar ruwan sanyi a goshina tun daga Al-Sadd har get. Ni a dole mai wayo, likitar gobe! Ashe na wuce gona da iri.

Da ya sake aunawa, talatin da takwas ne da ɗigo tara.

Na fashe da kuka. Jarrabawar nan ce za ta sa a karɓi darussan da na yi a gida. Idan na rasa ta, sai na maimaita zango guda.

"Akwai dattijo a gidanku?" ya tambaya a hankali.

"Ina ruwanka?"

"Akwai ko babu?"

Umma ce ta faɗo min a rai. Ganin jika ta zo, annobar ta rutsa da ita a nan, ga ciwon suga ga asma.

"Akwai..."

"To kada ki koma gida. Wuce wurin gwaji, ki kira su daga can."

Korona ce. Na yi sati biyu a killace, na maimaita zangon, Umma kuwa Allah ya tsare ta. Na rantse ba zan ƙara kallon maigadin nan ba, amma tambaya biyu suka hana ni sakat. Ya aka yi ya gane? Kuma me ya sa bai kai ƙarata ba, alhali yaudara irin wannan tana iya sa a kore ni?

Da na dawo, na karanta sunansa a ƙirjin rigarsa: Musbahu.

"Talatin da shida da rabi," in ji shi. "Yau mutum ce. Wuce."

Na harare shi, amma washegari ta layinsa na sake bi. Sana, ƙawata 'yar Pakistan, ta ce na haddace lokutan aikinsa fiye da ƙasusuwan hannu. Ƙarya take yi min, duka biyun na haddace.

Wata rana na kasa daurewa. "Wai ya aka yi ka gane?"

"Goshi yana ɗigar da ruwa, ido ya yi ja, numfashi sama-sama. Shekara biyu na yi a makarantar koyon aikin lafiya a Katsina, Haulatu."

"Me ya hana ka gamawa?"

"Babanmu ya rasu, ya bar min ƙanne shida."

"Ƙarata fa? Me ya sa ba ka kai ba?"

"Tsoro ne ya sa ki, ba mugunta ba. Yalla, wuce, kina tare min layi."

Daga ranar na fara kawo masa tsofaffin takarduna, yana karantawa a ɗakinsu na mutum shida a unguwar Najma. Kullum da safe sai ya tare ni da tambaya, jijiya kaza ina ta nufa, in na kasa ya ce ba zan wuce get ɗinsa ba. Ni kuma ina ta zana masa fuska a raina. Hancin nan dogo ne? Yana da saje? Fiye da shekara ina son mutumin da ban taɓa ganin bakinsa ba!

Ranar da aka sauke dokar takunkumi ya yi min murmushi. Wushirya gare shi. Na ji haushin duk watannin da aka ɓoye min ita.

Da Gasar Kofin Duniya ta zo, aka rufe makarantu da wuri, aka mayar da shi tashar jirgin metro ta Al Aziziya yana nuna wa 'yan kallo hanya. Can na same shi, muryarsa ta dishe.

"Kafil ɗinmu, ubangidan da ya kawo mu ƙasar nan, ya ce khalas, shi ke nan, ana gama wasan ƙarshe aikinmu ya ƙare. Zan koma gida in ƙarasa karatuna. Amma ba zan tafi kamar ɓarawo ba, farin cikina. Ina son in gaida Yayanki."

Ranar na faɗa wa Yaya, Umma tana zaune tana jan carbi.

"Maigadi?!" Yaya ya miƙe tsaye. "Karatu na kawo ki ko tsayuwar get? Me ya taɓa yi miki ban da hana ki jarrabawa?"

Abu ɗaya ne zai wanke Musbahu, kuma shi ne zai zubar da ni a idon mutanen da suke kira na likitar gida. Na ɗago na dubi Yaya.

"Yaya... ranar nan na san ina da zazzaɓi. Ruwan sanyi na manna a goshina don in wuce. Da ya bar ni, da na rubuta jarrabawa na dawo na yi shiru da bakina."

"Ki dawo ɗakin da Umma take kwana?"

"E, Yaya."

"Ke da kike yi mata allurar suga da hannunki?"

Na durƙusa ina kuka. "Umma, ki yafe min... Shi ne ya ce kada in koma gida."

Idon Umma ya cika da hawaye. Yaya kuwa kwana uku bai amsa gaisuwata ba, kuma na cancanci hakan. A rana ta huɗu na ji Umma ta ce, "Haliru, kira min shi. Kowa ya gama karatunsa tukuna, amma ina son in ga fuskarsa."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya zo, cikin farar shadda, gumi ya jiƙa masa hula. Na tare ƙofa da na'urar auna zafi ta gidanmu.

"Tsaya, malam. Ba a shiga sai an auna."

Ya sunkuyar da goshi.

"Talatin da bakwai da ɗigo huɗu. Ka kusa iyaka fa."

"Tsoron Yayanki ne." Ya ɗaga gorar ruwan da ke hannunsa. "Ko in manna?"

Ban kai ga dariya ba muryar Umma ta fito daga falo.

"Haulatu, matsa masa. Wanda ya tsare min ƙofa ranar da ban san ina buƙata ba, ba zai tsaya a ƙofata ba. Shigo, ɗana."

Na matsa gefe ina share hawaye da mayafina.

"Wuce," na ce masa.