Sallamar Uwar Maƙera

Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna na ranar Talata mai unguwa ya bugo waya caji ofis na Tsanyawa. An kashe Madu Maƙeri a Zangon Barebari, kuma in hukuma ba ta hanzarta ba gawa za ta zama biyu.

Sufeto Yahya ya ture kofin kokon da bai sha rabi ba, ya kira Sajan Jamil suka faɗa mota. Shekararsa ashirin da biyu a bakin aiki, kuma babu abin da ke ɓata masa rai kamar ya isa wuri ya tarar jama'a sun gama shari'a, hukunci kawai suke jira.

Haka kuwa ya tarar. A gindin wata darbejiya an ɗaure wani mutum da igiyar guga, bakinsa ya fashe, gaban rigarsa jina-jina. Matasa sun yi masa zobe da sanduna.

"Wane ne wannan?"

"Khalilu ne, ranka ya daɗe, ɗan gidan Malam Abdulkabir," in ji mai unguwa. "Shi muka samu rungume da gawar."

"Ku kwance shi. Wanda ya ƙara taɓa shi, tare za su kwana a sel."

Sufeto ya sunkuya ya shiga rumfar ƙirar. Tsohon na kwance rub da ciki, an fasa masa ƙeya. Uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake ƙira a kansa, tana kafe cikin kututture. Ga zugazugin fatar akuya da faci karkatacce, ga magagarin goge ƙarfe nan, kurfin yankan ƙarfe can, komai a watse kamar kaji sun yi tono. A lungu akwai buhun gawayi cike har baki.

Abu ɗaya ne tak yake a kintse. Masaɓa, babbar gudumar ƙira, da jini a fuskarta, an jingine ta a gindin uwar maƙera, kai a ƙasa, ƙota a sama, tsaf.

"Wa ya gyara wa wannan zama?"

"Ba wanda ya kusance ta, ranka ya daɗe."

Sufeto ya daɗe yana kallonta. A saninsa, wanda ya fasa kan tsoho jifa yake yi da makami ya ranta a na kare. Ya zaro waya ya ɗauki hoto.

A ofis ya sa aka ba Khalilu ruwa ya wanke baki. Magidanci ne da mata da 'ya'ya huɗu. Shekara goma sha biyu yana tuƙa bas tsakanin Tsanyawa da Kano, rana ɗaya mai motar ya sayar da abarsa. Ya duba ya ga manoman yankin sai sun yi tafiya kafin su sami mai gyara musu fartanya, sai ya ce zai koyi ƙira. Gidan malamai aka yi ta yi masa dariya, bai kula ba.

"Yaushe ka sayi kayan ƙirar Madu?"

"Wata biyu ke nan, yallaɓai. Hannun Baba Madu na dama ya shanye tun bara waccan, kayan na zube tsatsa na ci. Ya ce zai sayar mini, amma kullum zai zo ya zauna ya koya mini gyaransu da baki."

"Me da me kuka gyara?"

"Zugazugi ɓera ya ci, sau uku ina ɗinkewa yana sa ni warwarewa. Ƙotocin masaɓa sun ruɓe, na sa na darbejiya, ya ce itacen banza ne, sai da na nemo marke."

"Yana zaginka?"

"Kullum. Amma in ya gama zagin sai ya raba goronsa ya ba ni rabi."

"Ina kake da safen nan?"

"Na je sayo gawayi."

"Buhun da ke lungu fa, ƙasa ce a ciki?"

Khalilu ya sunkuyar da kai.

"Malam Khalilu, kisan kai ake magana. Gobe fayil zai tafi Kano. In ya tafi da sunanka a kai, 'ya'yanka za su girma ba su san kamanninka ba."

Sai hawaye suka zubo wa Khalilu. Ashe awartakin da ake riƙe jan ƙarfe da shi ne ya tsage. Madu ya ce sai Khalilu ya haɗe shi a wuta da hannunsa, don ba a kai kayan maƙeri wurin mai walda. Kwana shida yana fama abu ya ƙi. Da safen nan ya soke shi cikin riga, ya ce wa tsohon zai je ya dawo, ya sulale Tsanyawa.

"Da na dawo na same shi a ƙasa. Kunya ce ta sa na yi maka ƙarya, yallaɓai. Ko yanzu da ya mutu kunyarsa nake ji."

Sajan Jamil ya je wurin mai waldar. Gaskiya ne, awartakin ma yana can, don ba a kawo wutar lantarki ba. Sai dai tun tara da rabi Khalilu ya bar shagon, kuma tafiyar minti goma ce a babur. DPO ya ce wannan ai ta ƙare, a rubuta a aika. Sufeto ya roƙi a ba shi zuwa azahar ɗin gobe. Tausayin mutumin ya kama shi, kuma bai ɓoye wa kansa hakan ba, amma ya san ba a kai wa alƙali tausayi.

Washegari da safe ya koma ƙauyen. An binne Madu tun la'asar ɗin jiya, bayan likita ya duba shi. Gidansa katanga ɗaya ce ta raba shi da rumfar. Matarsa Falmata na zaune a tabarma cikin lulluɓin takaba. Sufeto ya cire takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan ya yi mata gaisuwa.

"Inna, kin ji wani abu jiya?"

"Na ji muryoyi sama-sama. Ban damu ba, ai kullum cikin faɗa yake da Khalilu. Can sai na ji sallama, na tashi na dama masa fura."

"Wa ya yi sallamar?"

"Ba ta baki ba, ɗan nan. Sallamar uwa."

Ta yi masa bayani a hankali. Tun da kakan su Madu ya zo da uwar maƙerar daga Barno a bayan raƙumi, gidan suke da wannan al'ada. In an tashi daga aiki, sai a ɗan ƙwanƙwasa uwar sau biyu ba komai a kanta, sannan a jingine masaɓa a gindinta, kai a ƙasa. Da jin haka matan gida sun san maza na shigowa.

"Shekara biyu rabona da jin ta. Da na ji jiya har ƙwalla na yi, na ce ashe ya koya wa Khalilu. Furar nan tana nan a ƙwarya, na kasa zubarwa."

"Su wa suka san ta?"

"'Ya'yan gida. Da mari ake koya musu tun suna 'yan shekara bakwai. Duk sun rasu, sai Bunu, ɗan wan maigidan."

Tana faɗar sunan ta ɗago ta dubi Sufeto.

"Amma ai Bunu yana kasuwar Dawanau," ta ce daga baya. "Sai yamma ya iso."

Sufeto ya yi mata godiya ya miƙe. Yana fita ya tura Sajan tasha ya tambayi direbobin da suka yi lodin safe ranar Talata, ya ce masa in ya gama ya biya ofis ya taho da Khalilu.

Alhaji Bunu yana wurin zaman makoki cikin babbar riga, dillalin wake ne da gero, kuma tun jiya muryarsa ta fi ta kowa wajen cewa a rataye Khalilu. Sufeto ya ja shi gefe.

"Alhaji, yaushe rabonka da garin nan?"

"Tun babbar sallah."

"Ka taɓa yin ƙira?"

"Da yarinta. Shekara ashirin da biyar rabona da masaɓa, na manta ma yadda ake riƙe ta."

"Duk da haka taimako nake nema. Lauyan Khalilu zai ce ƙotar ce ba ta kamu ba, kan masaɓar ya fita ya sami tsohon. Akwai 'yar'uwarta a rumfa, ita ma shi ya sa mata ƙota. Ina son ɗan gida ya gwada a gaban shaidu."

Bunu ya ce wannan ai dole ne. Ya shige gaba da kansa.

Sajan ya iso da Khalilu cikin ankwa, ya raɗa wa Sufeto magana a kunne. Mai unguwa da dattawa suka tsaya a bakin rumfa. Sufeto ya sa aka kwance Khalilu, ya ɗora guntun ƙarfe a kan uwar, ya ce ya fara bugawa. Ya buga sau biyar, biyu suka kuskure, ƙarfen ya yi tsalle ya faɗi.

"Ya isa. Ajiye."

Khalilu ya saki masaɓar ta faɗi ƙasa yadda ta ga dama.

Bunu ya ja tsaki. "Dubi wanda aka ba kayan kakana."

Ya naɗe hannun riga, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga. Dukan ya sauka daidai, ɗaya bayan ɗaya, kowane a inda na baya ya tsaya. Dattawan da suka san gidan a da suka riƙa gyaɗa kai. Ko Sufeto sai da abin ya burge shi.

"Ƙota lafiyarta lau," in ji Bunu yana haki. "Da gangan ya yi."

Yana faɗa yana kallon Khalilu. Hannunsa kuwa ya sauke masaɓar a kan uwar, ƙwal, ƙwal, ya jingine ta a gindi, kai a ƙasa, ƙota a sama.

Daga bayan katanga Falmata ta ƙwalla ƙara.

Ba wanda ya motsa. Sufeto ya miƙa wa mai unguwa wayarsa da hoton jiya, mai unguwa ya dubi hoton, ya dubi gindin uwar, ya kama salati.

"Jiya an yi wannan sallamar bayan an kashe shi," in ji Sufeto. "Madu ba ya iya ɗaga masaɓa. Khalilu bai san ta ba. Kuma direban da ya sauke ka a mararraba ƙarfe tara na safiyar Talata yana tasha, ya ce har cinikin wake kuka yi a hanya."

Bunu ya dubi hannunsa kamar na wani. Ya zame ya zauna a kan toka da babbar rigarsa.

"A kasuwa wani ya ce ya ga ɗan malam yana dukan uwar kakana. Aka yi ta dariya a rumfarmu. Na zo in mayar masa da kuɗinsa in ɗauke ta, sai na sami Baba shi kaɗai."

"Me ya ce?"

"Ya ce in na ɗauke ta wake zan auna a kanta? Ya ce hannun Khalilu yana kuskure amma da ransa, nawa kuwa ya mutu tuntuni. Ya juya mini baya."

"Sai ka ɗauki masaɓa."

"Sai na ɗauka."

"Sallamar fa?"

"Wallahi ban san na yi ba. Ko yanzu ban san na yi ba."

Sajan ya buga masa ankwar da aka cire wa Khalilu. Jama'a suka dare aka wuce da shi, babu mai sanda a hannu yau. Waɗanda suka ɗaure Khalilu jiya kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Malam Khalilu, je ka gida," in ji Sufeto. "Iyalinka na jira."

Khalilu bai motsa ba. Ya juya wajen mai unguwa, da kumburarren bakinsa.

"Baba, ina sel aka yi jana'iza. A ina aka sa shi?"

Mai unguwa ya kasa ɗaga ido. Ya nuna gabas, bayan gonaki.

Motar ta tashi da Bunu a baya, kansa a tsakanin gwiwoyi. Ta madubi Sufeto ya hango Khalilu ya bi siririyar hanyar maƙabarta, yana ɗingishi, ba wanda ya raka shi.